Jiki magayi: tsoka ma tana da amo, kuma masana sun koyi auna shi

Garin Malbaza yana bakin babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, kimanin kilomita 450 gabas da babban birnin ƙasa. Duk ɗan Nijar ya san shi da abu ɗaya, wato siminti. Tun shekarar 1966 ake toya shi a nan, kuma a ƙarshen shekarun 2010 sabon izini mai girma ya maye gurbin tsohon. A irin wannan masana'anta akwai dogon murhu mai juyawa wanda zafinsa ke kai digiri 1450, akwai kuma injin niƙa cike da ƙwallayen ƙarfe. Kowane mashin da irin muryarsa. Shi ya sa tsohon makaniki ba ya gaggawar kwance inji. Sai ya ɗora bakin sandar ƙarfe a jikinsa, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya saurara, sannan ya faɗi inda ciwon yake. A manyan masana'antun duniya kuwa, ƙananan na'urori ake mannawa a jikin injuna, suna auna girgizarsu dare da rana, domin a gano ɓarna tun ba ta yi nisa ba.

To amma akwai wani inji a ƙasar Adar wanda ya girmi izinin, ya kuma fi shi ciyar da jama'a, wato tsokar jikin ɗan Adam. Da ita ɗan dako ke saɓa buhun siminti mai kilo 50. Da ita manomin Galmi ke yi wa albasa ban-ruwa, matan Illela ke jan guga a rijiya mai zurfi, ƴan kokowar Ƙwanni ke kai abokan karawarsu ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan inji ma yana da tasa muryar. Duk tsokar da ke aiki tana girgiza, tana fitar da wani amo mai kauri, kuma yau fiye da shekara 350 ke nan masana na biye da wannan amo suna neman fassara abin da yake faɗi.

Gwajin da kowa ke iya yi

Mai karatu na iya tabbatar da wannan zance ba tare da ya kashe ko dala ba. Ya samu wuri marar hayaniya, ya toshe kunnuwansa a hankali da manyan yatsunsa, sannan ya dunƙule hannuwansa da ƙarfi. Zai ji wani rugugi kamar na hadarin da ke nesa, ko na babbar mota mai wucewa bayan gari. Idan ya ƙara matse hannu rugugin ya ƙaru, idan ya sassauta ya ragu. Haka kuma idan ya toshe kunne ya cije haƙora. Abin da yake ji ɗin nan amon tsokokin hannunsa ne ko na muƙamuƙinsa, wanda ya biyo ta ƙashi ya iso kunne.

Wanda aka fi sani da fara rubuta labarin wannan gwaji shi ne Francesco Maria Grimaldi, wani malamin coci kuma masanin haske na birnin Boloniya a ƙasar Italiya, cikin littafinsa da aka buga a 1665, shekara biyu bayan rasuwarsa. Grimaldi ya ɗauka cewa wasu ruhohi ne ke kai da komo cikin gaɓoɓi, bisa fahimtar mutanen zamaninsa. Sai a shekarar 1810 ne wani masani ɗan Ingila, William Hyde Wollaston, ya buga sakamakon awon farko. Ya kwatanta amon da ƙarar kekunan doki masu gudu bisa titunan Landan na dutse, idan an jiyo su daga nesa. Ba shi da wata na'ura. Katako ya samu ya yi masa tsaga-tsaga a jere, yana goga ɗan itace a kai, yana ƙara sauri ko ragewa har ƙarar katakon ta yi daidai da rugugin da ke kunnensa, sannan ya ƙirga tsagogin. Ya samu cewa tsoka na bugawa sau 20 zuwa 30 cikin sakan ɗaya. Na'urorin zamani ba su ƙaryata shi ba.

Wannan adadi shi ne ya bayyana dalilin da ya sa ba a jin amon tsoka a fili. Masana na ƙirga sauti da yawan bugunsa cikin sakan ɗaya, suna kiran ma'aunin Hertz. Kunnen mutum na ji daga wajen Hertz 20 zuwa 20.000. Ke nan amon tsoka yana can bakin iyakar abin da kunne ke iya kamawa, wani sashensa ma yana ƙasa da iyakar.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa aka daɗe ba a kula da shi ba. A 1791 Luigi Galvani, shi ma mutumin Boloniya, ya nuna cewa akwai lantarki cikin aikin tsoka. Tun daga nan hankalin likitoci ya koma can. A 1929 Edgar Adrian da Detlev Bronk suka ƙera allurar da ake sokawa cikin tsoka a ɗauko lantarkinta, kuma wannan awo, mai suna elektromiyografi ko EMG a taƙaice, ya zama abin dogaro a asibitoci har yau. Amo kuwa aka bar shi a baya. Wasu masana biyu a Ingila, Gordon da Holbourn, sun ɗauke shi da ƙaramin makirfo a fatar ido a 1948, amma sai a 1980 maganar ta farfaɗo sosai, lokacin da Gerald Oster da Joshua Jaffe a Amurka suka nuna cewa amon yana wajen Hertz 25, kuma ƙarfinsa na ƙaruwa gwargwadon nauyin da hannu ke riƙe da shi. A 1993 wani masani na birnin Bresiya a Italiya, Claudio Orizio, ya tattara abin da aka sani, ya kuma ba da shawarar sunan da ya bi wannan ilimi, wato mekanomiyografi ko MMG, ma'ana rubuta motsin tsoka.

Daga ina amon ke fitowa?

Jikin mutum na da tsokoki fiye da 600, kuma su ne wajen kashi 40 cikin ɗari na nauyin namiji baligi. Kowace tsoka dami ce ta zaruruwa dubbai, kowane zare bai wuce kaurin gashin kai ba. Zaruruwan ba sa motsi da kansu. Jiran umurni suke yi daga ƙwaƙwalwa, wanda ke biyo laka, ya bi ta jijiyoyin saƙo ya iso gare su. Kowace ƙwayar jijiya ɗaya tana da rukunin zaruruwan da take shugabanta, kamar yadda kowane sarkin noma ke da mutanensa ranar gayya. A tsokar da ke juya ƙwayar ido, rukuni ɗaya bai fi zare goma ba, domin aikin na bukatar natsuwa. A sha-raɓa kuwa rukuni ɗaya na iya haura zare dubu, domin ƙarfi ake nema.

Idan umurni ya iso, rukunin ya yi fizga ɗaya ya saki. Domin hannu ya daɗe riƙe da kaya, dole umurnin ya riƙa maimaituwa, daga wajen sau 8 cikin sakan idan aikin mai sauƙi ne, har sau 30 ko fiye idan ya yi tsanani. Kuma jiki na da tsarin kiran ma'aikata: ƙananan rukunoni masu jimiri ake fara kira, sai nauyi ya ƙaru a kira manya masu ƙarfi amma masu saurin gajiya.

Abin da ke haifar da girgiza shi ne, tsoka ba ta ƙara yawa ba ta kuma raguwa idan ta tsuke. Wani masani ɗan ƙasar Holand, Jan Swammerdam, ya gwada haka da tsokar kwaɗo tun cikin shekarun 1660. Tamkar salkar ruwa ce: in an matse ta ta tsawo, sai ta kumbura ta faɗi. Saboda haka duk lokacin da zare ya gajarta sai ya yi kauri, ya ture maƙwabtansa, turin ya bi nama ya iso fata. Da yake rukunonin ba tare suke fizga ba, kowa da lokacinsa, abin sai ya zama kamar lugude: mata uku ko huɗu a turmi ɗaya, taɓarya na sauka bayan taɓarya. Wanda ke kusa na iya rarrabe bugun, na nesa kuwa rugugi ɗaya yake ji. Motsin da fata ke yi a sanadin haka bai kai kaurin gashi ba, ido ba ya ganinsa, amma na'ura na kama shi.

Tsirkiyar gurmi da lissafin masana

Jin amo daban, fassara shi daban. Domin a san abin da amon ke nufi, masana kan gina abin da suke kira kwatancin lissafi. Wato su ɗauki wani abu mai sauƙi wanda aka san dokokinsa, su ce bari a ɗauka tsoka haka take, su lissafa irin amon da ya kamata ta fitar, sannan su gwada da abin da na'ura ta ɗauko. In sun yi daidai, kwatancin ya kama hanya. In sun saɓa, a gyara shi ko a jefar.

A shekarar 1987 aka yi gwaje-gwaje biyu masu muhimmanci a Amurka, ɗaya a hannun Daniel Barry na jami'ar Mishigan, ɗaya a hannun John Frangioni da abokan aikinsa a jami'ar Habad. Sun ɗaure tsokar ƙafar kwaɗo ta bakin biyu cikin ruwan gishiri, suka sa mata lantarki ta tsuke, suna saurare da makirfo na cikin ruwa. Da a ce kumburi kaɗai ke kawo amon, da abin da aka ji ta dama da ta hagu ya zama iri ɗaya. Sai aka tarar akasin haka: lokacin da ruwan gefen dama ke matsuwa, na gefen hagu sassautawa yake yi. Ma'ana tsokar gaba ɗaya tana kaɗawa gefe da gefe, kamar tsirkiyar gurmi da aka taɓa.

Daga nan kwatancin tsirkiya ya samo asali. Duk makaɗi ya san abu uku ne ke sa muryar tsirkiya ta yi kauri ko ta yi siriri: tsawonta, nauyinta, da yadda aka ɗaure ta. Mai kalangu ma haka yake yi, yana matse igiyoyi a hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. Barry da abokin aikinsa Neil Cole sun nuna a 1990 cewa tsoka na fitar da amo daidai da muryar da taurinta ya ba ta. Amfanin wannan shi ne ana iya juya lissafin: in an san tsawon tsoka da nauyinta, aka kuma auna muryarta, to ana iya ƙiyasta taurinta ba tare da an tsaga fata ba. Shi Barry ɗin daga baya ya shiga hukumar NASA, ya tafi sararin samaniya sau uku tsakanin 1996 da 2001.

Sai dai tsokar mutum mai rai ba a cikin kwano take ba. Kitse da fata sun lulluɓe ta, ƙashi na ƙarƙashinta, wasu tsokoki na gefenta. Shi ya sa aka ƙaro wasu kwatance. Ɗaya na ɗaukar tsoka kamar ƙafar babur ta gaba: akwai nauyi, akwai waya mai lanƙwasa da ke maido shi, akwai kuma mai da ke kashe girgizar sannu a hankali. Ana ba jijiya ɗan bugun lantarki ɗaya, a duba yadda girgizar ta tashi da yadda ta mutu, daga nan a fitar da tauri da laushin tsokar a lissafe. Wani kwatancin kuma daga luguden yake farawa: a ba kwamfuta siffar bugun kowane rukuni, da yawan rukunonin da aka kira, da saurin umurni, ita kuma ta haɗa su ta fitar da amon da ake tsammani.

Irin wannan lissafi ne ya warware wani abin mamaki. An lura cewa a ƙwanjin damtse amon na ƙaruwa tare da ƙarfi har zuwa wajen kashi 80 cikin ɗari na iyakar ƙarfin mutum, amma daga nan sai ya ragu, alhali mutum na ƙara yunƙuri. Bayanin shi ne, kafin wannan matsayi jiki na ta kiran sababbin rukunoni, kowane da nasa bugun. Bayan an kira kusan kowa, abin da ya rage shi ne a ƙara saurin umurni. To idan umurni ya yi sauri ƙwarai, zare ba ya samun sararin saki kafin wani umurnin ya iso, fizge-fizgen sai su haɗe su zama ja ɗaya, tsokar kuma ta yi tauri kamar dutse ta rage kaɗawa. Ke nan daga amo kaɗai ana iya gane dabarar da ƙwaƙwalwa ke bi wajen ƙara ƙarfi.

Akwai kuma lissafin da ke rarrabe amon, wanda ya samo asali daga Bafaranshen nan Joseph Fourier a 1822. Aikinsa kamar na rariya ne, wadda ke raba gari da tsaki. Yana nuna nawa ne cikin amon mai kauri, nawa ne siriri. Da shi aka ga cewa tsokar da ta fi yawan zaruruwa masu jimiri, kamar wadda ke can cikin sha-raɓa tana riƙe mutum a tsaye yini guda, muryarta ta fi kauri bisa tsokar cinya mai zaruruwan gudu da tsalle.

Kayan awo

Na'urori iri uku aka fi amfani da su. Akwai ƙaramin makirfo da ake ɗorawa bisa fata. Akwai akseleromita, wato ma'aunin fizgar motsi, ɗan ƙanƙane kamar ƙwayar wake, wanda ake mannawa da filasta. Akwai kuma hasken leza da ake haskawa a fata daga nesa, yana auna tashinta da saukarta ba tare da taɓawa ba. Sharaɗin biyun farko shi ne kada su yi nauyi. Gram kaɗan ake so, domin abu mai nauyi na danne girgizar da aka zo aunawa, kamar wanda ya ɗora tafin hannu bisa fatar ganga. Galibin amon yana tsakanin Hertz 5 da 100. Ƙa'ida ita ce a ɗauki awo fiye da ninki biyu na wannan, wato sama da sau 200 cikin sakan, amma ɗakunan bincike kan ɗauka sau 1000.

Mai tambaya na iya cewa, tun da akwai awon lantarki, mene ne amfanin awon amo? Amsar ita ce ba abu ɗaya suke faɗi ba. EMG na nuna umurnin da ya iso tsoka, MMG kuwa na nuna aikin da tsokar ta yi da umurnin. Shugaban lebura na iya ta ɗaga murya alhali ma'aikata sun gaji, lodi bai ci gaba ba. Barry da abokansa sun nuna haka a 1985: idan mutum ya matsa da ƙarfi har ya gaji, amon na raguwa tare da ƙarfin, alhali lantarkin bai ragu kamar haka ba. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ce alamar gajiya. A 1990 kuma suka nuna cewa a jikin yara masu cutar tsoka, amon da ake samu bisa kowane gwargwado na lantarki bai kai na yara masu lafiya ba. An yi wannan awo ne bisa fata, ba da allura ba, kuma duk uwar da ta taɓa riƙe yaro ana yi masa allura ta san darajar haka.

Awon amo na da wata fa'ida da ta shafi ƙasa mai zafi. Kafin a auna lantarki bisa fata sai an aske gashi, an goge wurin, kuma zufa na canza sakamakon. Ga shi kuma wayoyin na kwaso gunjin kuran na gida, wanda a Nijar ke bugawa sau 50 cikin sakan, daidai tsakiyar abin da ake aunawa. Girgiza kuwa ba ruwanta da zufa sosai. A yankin da zafi ke haura digiri 40 cikin watannin Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ilimin ya riga ya yi amfani

Wurin da awon motsin tsoka ya fi samun gindin zama shi ne ɗakin tiyata. Yayin babban aiki akan ba majinyaci maganin da ke sassauta tsokoki duka, har da na numfashi, na'ura ce ke yi masa numfashin. Haɗarin shi ne a cire bututun tun maganin bai sake shi ba. A 1988 likita Jørgen Viby-Mogensen da abokan aikinsa a ƙasar Danmak suka fito da dabarar manna akseleromita a babban yatsa. Ana ba jijiyar wuyan hannu ɗan bugun lantarki sau huɗu a jere, a auna fizgar yatsan. Sai fizga ta huɗu ta kai kashi 90 cikin ɗari na ta farko ake cewa tsokoki sun dawo. Wannan awo ya bazu a asibitocin ƙasashe da yawa.

Na biyu shi ne hannun roba mai motsi. Tun 1986 Barry ya gwada cewa amon tsokar da ta rage a dungu na iya ba hannun roba umurnin buɗewa da rufewa, kuma masana a birnin Toronto na Kanada sun ci gaba da wannan aiki cikin shekarun 2000. Na uku shi ne wasanni. A ƙasar Sulobeniya aka ƙirƙiro wata hanya mai suna tensiyomiyografi, inda ake ba tsoka bugun lantarki ɗaya a auna yawan tashinta da saurinsa, kuma manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai sun yi amfani da ita wajen kwatanta ƙafar dama da ta hagu, da sanin ko ɗan wasa ya murmure.

Me ya haɗa Adar da wannan zance?

A ɗakunan binciken Turai, Amurka da Japan wannan ilimi ya girma, amma masu bukatarsa ba can kaɗai suke ba. A gundumomin Malbaza, Ƙwanni da Illela, ƙarfin jiki shi ne jarin mafi yawan magidanta. Ranar da hannu ya ƙi, ranar tukunya ke sauka daga murhu.

Akwai waɗanda shan-inna ta taɓa. A jahar Tawa ne aka ga mutum na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta shanye a Nijar, cikin watan Nuwamba na 2012, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa nahiyar Afirka ta rabu da irin wannan ƙwaya. Amma waɗanda ta taɓa tun suna yara suna nan, sun zama manya. Cutar na kashe wasu ƙwayoyin jijiya, waɗanda suka tsira sai su ɗauki zaruruwan da aka bari marayu, rukunoninsu su yi girma fiye da kima. Bayan shekara 15 zuwa 40, wasu daga cikin mutanen kan ji sabon rauni, domin jijiyoyin sun gaji da kayan da ba nasu ba. Akwai kuma masu shanyewar ɓarin jiki sanadin hawan jini, da waɗanda haɗarin mota ko babur ya karya bisa hanyar kwalta, suka yi watanni a kwance har tsoka ta zube. Asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950, ya shahara da aikin tiyata har a ƙetaren iyaka, kuma bayan kowace tiyatar ƙashi akwai doguwar tafiyar maido da ƙarfi.

Yadda aka saba auna ƙarfin majinyaci a ko'ina cikin duniya shi ne likita ya ce masa ya tura, shi kuma ya tare da hannunsa, sannan ya ba da maki daga 0 zuwa 5. Hanya ce mai kyau, ba ta cin kuɗi. Rauninta shi ne ba ta ganin ƙaramin ci gaba. Mutum na iya yin wata biyu yana motsa jiki, makinsa na nan a 3, har ya fid da rai ya koma gida ya daina. Awon da zai nuna masa a zane cewa tsokarsa ta fi ta watan jiya amsawa na iya zama abin da zai riƙe shi bisa magani.

Ƴan kokowa ma na da rabo. A birnin Tawa aka yi gasar takobi ta farko a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, kuma tun daga lokacin kokowa ta zama sarauniyar wasannin ƙasa. Ɗan kokowa na karawa kwana da kwanaki a jere, mai horar da shi kuwa da ido da tambaya yake gane gajiyarsa. An kuma san ba kowane ƙato ne ke yarda ya ce ya gaji ba.

Abin da ya sa zancen ya wuce mafarki shi ne kuɗin kayan. Akseleromitar da a da sai babban ɗakin bincike ke iya saye, yau tana cikin kusan kowace wayar salula ta zamani, ita ce ke juya hoto idan an karkata wayar. Ita wayar kanta ta yi nauyi da a ɗora ta bisa tsoka, amma ƙwayar na'urar ana sayar da ita daban da araha, ana kuma iya haɗa ta da ƙaramin allo mai aiki da batir. Wannan aiki ne da bai fi ƙarfin ɗaliban lantarki da na likitanci ba, ko a jami'ar Tawa, ko ta Maraɗi, ko ta Yamai mai ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin da ya ba da rayuwarsa ga binciken zafin rana domin shi ne arzikin da ƙasarsa ke da shi a yalwace.

Nijar ta riga ta ga abin da ƙaramin ma'auni ke iya yi. Ɗan ƙyallen nan mai launi uku da ake zagaya damtsen yaro da shi, wanda ke nuna ja idan kaurin bai kai milimeta 115 ba, ya ceci yara masu yawa daga tamowa. A gundumar Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun nuna cikin shekarun 2010 cewa uwaye ma na iya yin awon a gida. Shi ƙyallen kaurin nama yake faɗi. Awon amo kuwa aikin naman yake faɗi.

Iyakar abin

Sai dai gaskiya ɗaya ce: wannan awo bai kai matsayin da likita zai dogara da shi kaɗai wajen gane cuta ba, kuma EMG na nan a matsayinsa. Matsalolin sanannu ne. Na'urar ba ta rarrabe girgizar tsoka da ta waje, ko motsin hannu ne, ko takun mai wucewa, ko injin niƙan maƙwabta. A gari irin Malbaza, inda manyan motoci ke kai da komo, sai an zaɓi ɗaki da lokaci. Hannun kowane mutum mai lafiya na da ƴar makyarkyata ta ɗabi'a, sau 8 zuwa 12 cikin sakan, wadda ke cakuɗuwa da amon. Kitsen da ke ƙarƙashin fata na shanye siririn sashen amon, saboda haka awon mai ƙiba da na siriri ba su kwatantuwa kai tsaye. Makirfo da akseleromita ma ba abu ɗaya suke ba da ba ko da a tsoka ɗaya aka ɗora su, kuma wurin da aka manna na'urar na canza sakamako. Shi ya sa awon ya fi inganci idan mutum ɗaya ake bi, a tsoka ɗaya, a wuri ɗaya, daga mako zuwa mako.

Akwai kuma abin lura na ƙarshe. Yawancin alƙaluman da ke cikin littattafai daga jikin ɗaliban jami'o'in ƙasashen sanyi aka samo su, matasa masu ƙoshi, zaune bisa kujera. Jikin da ya tashi da hauya da guga da taɓarya, mai aiki cikin zafin bazara, wani lokaci da azumi a baki, yana bukatar nasa awon. Ba wanda zai zo daga nesa ya yi wannan aiki madadin ƴan ƙasa. Hausawa sun daɗe da cewa jiki magayi. Makanikin Malbaza ba ya jiran inji ya tsaya kafin ya kara kunne. Hannun da ke loda simintin ya cancanci irin wannan saurare.